Ga mai kwikwiyon da ke ramewa yana hana unguwa barci

Malam, na ga tambayarka. Ka sayi kwikwiyo ɗan wata biyu don gadin sabon gidanka a Batagarawa, ka ɗaure shi bakin ƙofa, ga shi sai ramewa yake, dare ya yi ya dinga kuka, har wani ya ce ka zuba mashi barkono a abinci don ya yi zafi. To barkonon nan dai a bar shi a miya. Shekarata 11 ina riƙon karnuka a gidan gonata da ke hanyar Daura, kuma biyu na binne saboda rashin sani, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ramar, ka duba cikinsa. In ya yi tulu, haƙarƙari a waje, gashi ya yi fururu, tsutsar ciki ce ke cinye abin da kake ba shi. Yawancinsu tun daga uwa suke ɗaukowa. Ana ba da maganin duk sati biyu har ya kai wata uku, daga nan wata-wata har wata shida, in ya girma kuma duk bayan wata uku. Amma likitan dabbobi zai auna nauyinsa ya faɗi adadin, ba mai kemis ba.

In ka je wurin likitan, kada ka fito ba a fara mashi allura ba. Akwai wata cuta da suke kira fabo, ita ta kashe mani na farko: amai, gudawa da jini mai wari kamar mushe, kwana uku ya tafi. Ana fara rigakafinta tun yana sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati uku ko huɗu har ya kai kusan wata huɗu. Ƙwayar tana daɗewa watanni cikin ƙasa, don haka kafin ya gama allurai kada a bar shi yana shinshine-shinshine inda karnukan titi ke kashi. Allurar haukan kare kuma sai ya cika wata uku, sannan duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta, akwai kuma ta waje. Ko wacce ce, sanyi take so. Wanda ya zaro maka kwalba daga aljihu da tsakar rana, ruwa kawai zai tsira wa karenka. Ka karɓi kati ka adana, don ranar da ya yaƙushi ɗan maƙwabci shi za a fara tambaya. In an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a wuce asibiti a ranar, don haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau, maganar ɗauri. Ɗan wata biyu jinjiri ne, jiya-jiya aka raba shi da uwarsa, ka kai shi bakin ƙofa shi kaɗai cikin duhu, me zai yi in ba kuka ba? Mutanenmu sun ɗauka sarƙa da yunwa ke sa kare ya iya gadi. Abin da suke haifarwa shi ne karen da bai san na gida ba balle baƙo, ranar da ya tsinke kuwa yaranka ne mafi kusa da bakinsa. Nawa biyun da ke gona yanzu sun san kowa na gida, har almajirin da ke kawo ruwa, amma baƙo, ko akuya ya zo nema, sai ya tsaya daga nesa ya yi sallama. Ban koya masu komai ba illa da yamma in sake su mu zaga gona tare, in kira sunansu, wanda ya zo in ba shi ɗan abin taɓawa.

Na biyun da na rasa kuwa zafi ne. Irin na Turawa ne mai gashi, kuɗi na zuba na saye don burga. Watan Afrilu, lokacin da Katsina ke haura digiri 40, aka bar shi ɗaure kan siminti ƙarƙashin kwano, ya ture ruwansa da sarƙa, kafin la'asar an gama. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafi. Ka samar mashi inuwar bishiya ko rumfar zana, ƙasa ba siminti ba, ruwa cikin kasko mai nauyi wanda ba zai kife ba. Tun daga nan na koma karnukanmu na gida irin na mafarauta, sun fi jure ƙasarmu nesa ba kusa ba.

Abinci ba sai na gwangwani ba. Tuwon masara ko shinkafa, a haɗa da huhu ko tumbi daga mayanka a dafa sosai, sau huɗu a rana tunda ƙarami ne. Ban da miyar da aka cika wa albasa da tafarnuwa, suna lalata masu jini. Ban da ƙashin kaza dafaffe, tsagewa yake a hanji. Goro da farasitamol ma guba ne gare shi.

In damina ta faɗi, kaska za ta zo. Ka riƙa duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Don Allah kada ka shafa mashi baƙin mai ko fiya-fiya yadda wasu ke yi, lasa zai yi. Batun hukuncin ajiye shi don gadin gida, wannan na malamai ne. Ni dai kwanonsa daban, kuma ba ya zuwa inda ake salla.

Yau da dare ka kwance sarƙar, ka sa shi a wani lungu kusa da inda zai riƙa jin motsinku, ka shimfiɗa mashi tsohon buhu. In ka ga amai ko jini a kashinsa, kada ka jira gari ya waye sau biyu.