Amsa: bit ɗina yana ta karyewa a kan 3018

Malam, ka ce bit (wato ɗan ƙarfen da ke yanka) uku ka karya a sati ɗaya kana yankan alminiyam da 3018, ƙaramin injin CNC (mai yanka da umarnin kwamfuta) na shagon da kuke haɗaka. Ni dai ina zargin zero ɗin Z ne, wato tsayin da ake saita wa injin inda bakin bit yake taɓa saman abin da za a yanka. Inji ne na kowa, wanda ya riga ka ya canza bit ya tafi abinsa, kai kuma ka zo ka danna fara aiki ba ka sake saita tsayi ba, sai bakin ya nutse cikin ƙarfe, ƙas! Ya taɓa faruwa da ni wallahi, yanzu kullum sai na sa 'yar takarda a ƙasa ina sauke shi a hankali har ya ɗan kama ta.

Sannan 3018 ba shi da ƙarfin kirki, motarsa ƙarama ce, asali don katako da roba aka yi shi. In dole sai alminiyam, ka samu bit mai baki ɗaya na 3.175mm, kada zurfin ya wuce 0.2mm kowane zagaye, ka riƙa share ɓarɓashin don yana narkewa ya manne a bakin. Kuma ka kwance kolet ɗin, wato abin da ke riƙe bit, ka duba, mutane suna barin ƙurar MDF (katakon da ake yi da garin itace) a ciki, bit ya zauna a karkace.