Wuƙar Hitchcock da haƙƙina da aka cinye

Ka tambaye ni wai da gaske ne jinin da ke cikin fim ɗin Psycho cakulan ne, kuma da me aka yi ƙarar wuƙar nan da aka kashe mace da ita a wurin wanka. To, ajiye wayar nan tukuna. Ba na koya wa yaro aikin haɗa sautin fim idonsa na kan waya.

Cakulan ne. Fim ɗin baƙi da fari ne, ya fito a 1960, kuma a baƙi da fari ruwan cakulan ya fi jan fenti kama da jini. Wannan ko ɗan koyon sati ɗaya ya sani, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Abin da ku yaran yanzu ba ku da shi kunne ne. Daraktan fim ɗin, Alfred Hitchcock, sa wa ya yi aka kawo masa dangin kankana iri-iri, ana caka musu wuƙa yana saurare, har ya zaɓi wadda ake kira kasaba. Kisan nan da bai kai minti ɗaya ba, wajen kwana 7 suka yi suna ɗaukarsa a Disambar 1959, an kafa kyamara sau 78, edita George Tomasini ya yanka hoton sau 52. Koma ka kalla a hankali. Kusan ba za ka ga wuƙar ta shiga jikin jarumar, Janet Leigh, ba, kunnenka ne ya soke ta. Shi kansa Hitchcock da farko bai so a sa kiɗa a wurin ba, sai da mai haɗa kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann, ya jiyar da shi kukan gogen Turawan nan ya sauya ra'ayi. Ku kuwa sai ku sauko da ƙarar wuƙa daga intanet ku manna, ku ce kun gama aiki.

Ka tsokano min wani tsohon miki da tambayar nan.

Zamanin kaset, wani furodusa ya kawo min fim, akwai wurin da ake kashe mutum a ɗaki cikin duhu. Hoton bai yi kyau ba, fitila ɗaya suka kunna. Na ce ya bar min, sauti zai rufa masa asiri. Da kuɗina na je 'Yankaba na sayo kankana da kabewa da duma. Na lulluɓe bangon shagon nan da barguna. Sai ƙarfe biyun dare, in an kashe janaretocin layin, nake fara ɗauka. Kankana ta cika ruwa, duma ya cika ƙarar ƙwarya. A dare na shida na gano ɗanyar kabewa ce, in an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Numfashin wanda ake kashewa ma nawa ne. Dare 11 na yi a kan wurin da bai fi minti biyu ba. Ranar da na kunna masa, yaronsa tashi ya yi ya fita daga shagon.

Mun yi ciniki a naira dubu 60, ya ba ni dubu 10. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, ai mun zama 'yan uwa, kaset na shiga kasuwa za ka ji ni." Ban nemi takarda ba, ban kira shaida ba. Na ɗauki uwar kaset ɗin na miƙa masa da hannuna. Fim ya fita, ya karɓu. Na zauna ina duba sunayen ƙarshe, sai ga sunan ƙaninsa a gurbin mai haɗa sauti, yaron da bai san gaban makirfo da bayansa ba. Lokacin uwargidana ta haihu, da kuɗin nan na yi niyyar sayen ragon suna, sai da na ci bashi. Sau bakwai ina zuwa ofishinsa yana cewa kasuwa ta faɗi, alhali ga sabuwar mota a ƙofa. Daga baya na ji kabewata a wasu finafinansa biyu. Na san ƙarar kamar yadda na san kukan 'ya'yana. Har yau ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Shi ya sa in ana labarin Psycho, ni ba cakulan ke burge ni ba. Kamfanin Paramount ƙin zuba kuɗi ya yi, Hitchcock ya ɗauki nauyin fim ɗin da kansa, wajen dala dubu 800, ya yi aiki da ma'aikatan shirinsa na talabijin don rage tsada. Ya haƙura da ladansa na dala dubu 250, ya karɓi kashi 60 cikin 100 na mallakar fim ɗin, kuma a yarjejeniya aka ƙulla, ba da dafa kafaɗa ba.

Gobe da sassafe ka biya 'Yankaba ka taho da kabewa biyu, ɗanya da nunanna, zan ga ko kunnenka zai raba su. In mutumin nan na jiya ya zo karɓar aikinsa ba na nan, kada ka ba shi komai sai ya cika kuɗin.