Hukuncin Danganta Ziyarar Obama Indiya Lokacin Bikin Diwali da Tsafi

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, an turo mini saƙo a WhatsApp cewa ziyarar da Barack Obama ya kai Indiya a Nuwamban 2010 ba ta siyasa ba ce, wai an daidaita ta da bikin Diwali na mabiya addinin Hindu ne domin ya ƙulla alkawari da matsafa. Shin ya halatta in gaskata, in kuma tura wa 'yan'uwa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka tura.

Gaskiya ne Obama ya sauka Mumbai ranar 6 ga Nuwamba, kwana ɗaya bayan babbar ranar Diwali, kuma ya halarci shagalin bikin tare da yaran makaranta. Amma dalilan tafiyar a fili suke. Ta zo ne bayan zaɓen rabin wa'adi na Amurka da aka yi ranar 2 ga watan, kuma daga Indiya ya wuce Indunusiya, sannan taron G20 na ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki a Koriya ta Kudu da taron APEC na tattalin arzikin ƙasashen yankin Asiya da Pasifik a Japan. A Mumbai ya sanar da cinikayyar kimanin dala biliyan 10, a majalisar dokokin Indiya kuma ya goyi bayan ƙasar ta samu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Diwali kuwa biki ne na bainar jama'a, ana kunna fitilu, ana bauta wa Lakshmi, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, kuma yana faɗowa a Oktoba ko Nuwamba kowace shekara, don haka haɗuwarsa da ziyarar baƙo ba abin mamaki ba ne.

Shari'a ba ta musanta sihiri ba, domin aya ta 102 a Suratul Baƙara ta tabbatar da shi, kuma a cikinta ne aka ce masu yin sa ba sa cutar da kowa sai da iznin Allah. Sai dai samuwar sihiri a duniya daban, jingina shi ga wani mutum takamaimai daban. Na biyun tuhuma ce, tuhuma kuwa sai da hujja, kuma haɗuwar kwanan wata ba hujja ba ce. Allah ya umarce mu a Suratul Hujurat mu tantance labari, mu kuma nisanci yawan zato, ya hana mu a Suratul Isra'i bin abin da ba mu da ilimi a kansa. Kada a ce ai mutumin ba Musulmi ba ne, domin aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yi musu adalci. Wanda yake da ƙorafi kan mulkinsa, kamar hare-haren jirage marasa matuƙi a Pakistan da Yaman, yana da abin faɗa na gaskiya wanda bai buƙatar ƙage.

Abin da ya fi damuna a wannan saƙo shi ne ɓarnarsa ga aƙidar mai karantawa. Wanda ya yarda cewa wata rana tana da ƙarfin da take juya al'amuran ƙasashe ya faɗa cikin camfin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rushe, kuma ya ba abin bautar wasu girman da ba shi da shi, alhali yana zaton kishin tauhidi yake yi.

Da shugaba Musulmi ne tafiyarsa ta dace da bikin, babu laifi a tafiyar, amma haramun ne ya shiga ibadar da ake yi a cikinsa.

Saboda haka bai halatta ka gaskata saƙon ba, bai kuma halatta ka tura shi ba, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Ka sanar da wanda ya turo maka cikin lalama, kai da shi, ba a gaban jama'a ba. Wallahu a'alam.