Tambaya da Amsa: Fina-finan da ke yi wa tarihin mawaƙan rok shaguɓe

Tambaya: Malam, wani abokina ya ba ni fim mai suna Walk Hard: The Dewey Cox Story, ya ce tarihin wani shahararren mawaƙin Amurka ne. Na kalla, na kuma sha dariya, amma da na nemi labarin mawaƙin ban ga inda aka ambaci haihuwarsa ko kabarinsa ba. Shin an taɓa yin wannan mutum kuwa? (Daga wani mai karatu a Zariya)

Amsa: Malam, abokinka tsokanarka ya yi, domin ba a taɓa haihuwar wani mawaƙi Dewey Cox ba. Jake Kasdan da Judd Apatow ne suka ƙirƙire shi, Kasdan ya ba da umarni, John C. Reilly ya fito a matsayinsa, aka saki fim ɗin a watan Disamba na 2007. Abin da suka nufa shi ne zolayar wasu fina-finai biyu da suka yi tashe gab da lokacin, wato Ray na 2004, wanda ya ba da tarihin Ray Charles har Jamie Foxx ya ci lambar Oscar da shi, da kuma Walk the Line na 2005, tarihin Johnny Cash, wanda Reese Witherspoon ta ci tata Oscar ɗin a cikinsa.

Duk wanda ya kalli waɗannan biyun a jere zai lura cewa zubinsu ɗaya ne, ko da yake mutanen da ake ba da labarinsu sun bambanta ta kowace fuska. A cikin kowannensu akwai yaro ɗan talakawa a kudancin Amurka wanda ɗan'uwansa ya rasu ta mummunar hanya, sai ya girma da nauyin abin a zuciyarsa, ya sami ɗaukaka ta hanyar waƙa, ya faɗa shan ƙwaya, aurensa ya girgiza, sa'an nan a ƙarshe ya farfaɗo ya yi sulhu da abin da ya wuce. Rasuwar kuwa gaskiya ce. Ƙanin Ray Charles, George, ya nutse a bahon wanki, Ray kuma ya makance yana wajen shekara bakwai. Yayan Johnny Cash, Jack, injin yankan katako ne ya yi ajalinsa a 1944. Matsalar ita ce masu fim sun mayar da irin wannan masifa mabuɗin da ke fassara komai, har ya zama duk waƙar da mutum ya rera da duk kuskuren da ya tafka cikin shekara arba'in ana jingina su ga yini guda na ƙuruciya.

Wannan zubi ne Walk Hard ya kama ya ja shi har ya tsinke. Dewey ya raba ɗan'uwansa gida biyu da adda bisa kuskure suna wasa, mahaifinsa kuma ya shafe kusan dukan fim ɗin yana nanata cewa ba wannan yaron ya kamata ya mutu ba. A madadin makantar Ray Charles, shi Dewey jin ƙanshi ya rasa. Walk the Line ya buɗe ne da Cash a bayan dandamali a kurkukun Folsom, yana kallon injin katako yana tuna baya, don haka shi ma Dewey aka nuno shi tsaye a bayan dandamali, makaɗin gangarsa yana hana a taɓa shi, wai sai ya gama tuna rayuwarsa kakaf kafin ya iya hawa ya yi waƙa. Reilly ya haura shekara 40 sa'ad da ake ɗaukar fim ɗin, amma haka aka sa masa kayan makaranta aka ce ɗan shekara 14 ne. Matarsa ta fari tana ta gaya masa ba zai taɓa yin nasara ba, alhali waƙarsa ta riga ta cika rediyo. Duk lokacin da ransa ya ɓaci sai ya shiga banɗaki ya tumɓuke kwanon wanke hannu daga bango, abin da Joaquin Phoenix, wanda ya fito a matsayin Cash, ya yi sau ɗaya a Walk the Line, shi kuwa Dewey ya mayar da shi ɗabi'a.

A ganina, wurin da fim ɗin ya fi nuna gwaninta shi ne yadda mutane ke magana a cikinsa. Kowa yana faɗin sunansa da shekarar da ake ciki da abin da ke damunsa ƙarara, kamar yana tsoron mai kallo zai ɓata. Idan Dewey ya haɗu da mawaƙan Beatles a Indiya, sai su riƙa kiran junansu da cikakken suna domin kada a kasa gane su, tun da Jack Black da aka ba matsayin Paul McCartney ko kaɗan bai yi kama da shi ba. Waƙoƙin kuma ba a yi musu riƙon sakainar kashi ba. An tsara su da gaske, Reilly ya rera da muryarsa, har babbar waƙar fim ɗin ta shiga takarar lambar Grammy. Da waƙoƙin ba su da daɗi, da zolayar ba ta kama ba, domin sai mai kallo ya yarda cewa wannan mutum zai iya zama tauraro kafin ya yi dariyar yadda ake ba da labarinsa.

Tambaya: Ni dai ina ganin irin waɗannan fina-finai cin mutunci ne. Yaya za a ɗauki rasuwar ɗan'uwan mutum ko jarabar da ta same shi a mayar abin dariya? Su mawaƙan ba sa jin haushi? (Daga wata mai karatu a Maraɗi)

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya, kuma da Jack Cash ko George ake yi wa dariya da na goyi bayanki ba tare da wani jinkiri ba. Sai dai kibiyar ba kansu aka auna ta ba. Wanda ake yi wa ba'a shi ne marubucin fim da ke ɗaukar baƙin cikin mutane yana yanka shi daidai da ma'aunin da ke kawo lambobin yabo.

Game da jin haushi, an ce wanzami ba ya son jarfa, amma a wannan fage mawaƙa da yawa sun miƙa wuya da kansu. A 1978 Eric Idle da Neil Innes sun yi All You Need Is Cash, labarin wata ƙungiyar ƙarya mai suna Rutles wadda ke bin sawun tarihin Beatles taki bayan taki, kuma George Harrison, ɗaya daga cikin Beatles ɗin, ya fito a ciki a matsayin ɗan jarida, Mick Jagger da Paul Simon kuma suka fito da sunayensu suna ba da shaida a kan ƙungiyar da ba ta taɓa wanzuwa ba. A 1984 Rob Reiner ya yi This Is Spinal Tap, wanda aka shirya shi kamar rahoton gaskiya a kan wasu mawaƙan Ingila da tauraronsu ke dusashewa. A nan ne aka ga na'urar ƙara sauti da ma'auninta ya kai 11 a maimakon 10, da kayan adon dandamali na siffar duwatsun Stonehenge da aka ƙera inci 18 a maimakon ƙafa 18, da mawaƙan da suka ɓata a lungunan bayan dandamali suka kasa gano hanyar fita gaban jama'a. Mawaƙan gaske da dama sun faɗa cewa sun ga kansu a ciki. Ƙungiyar ƙaryar ma ta koma ta gaske, ta fitar da faifai, ta hau dandamali a taron tunawa da Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar Queen, a filin Wembley na Landan a 1992, kuma a 2002 aka sa fim ɗin a kundin fina-finan da Amurka ke adanawa saboda muhimmancinsu.

Wanda ya fi kowa nisa shi ne "Weird Al" Yankovic, wanda ya taya rubuta fim ɗin da ke yi wa tarihinsa kansa ƙarya. A Weird: The Al Yankovic Story na 2022, wanda Eric Appel ya ba da umarni, Daniel Radcliffe ya fito a matsayinsa, an nuna mahaifinsa yana ƙyamar akodiyon, wato abin kiɗan nan da ake matsawa ana buɗewa kamar zuga-zugi, an ba shi soyayya da Madonna da faɗa da Pablo Escobar, gawurtaccen dillalin hodar iblis na Kolombiya, har aka kashe shi a 1985, alhali mutumin yana nan da ransa, ya ma fito a fim ɗin a matsayin shugaban kamfanin faifai. An kuma juya tarihi, aka ce Michael Jackson ne ya kwaikwayi waƙar Yankovic mai suna Eat It ya yi Beat It. Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin 'yan kama sun daɗe suna ɗaukar waƙar wani su bar karinta su mayar da zancenta na abinci, kuma Eat It ɗin ma a kan abinci take.

Tambaya: Idan har an tona asirin wannan zubi tun 2007, me ya sa har yanzu ake yin fina-finan tarihin mawaƙa a kansa? (Daga wani ɗalibi a Kumasi)

Amsa: Ɗan'uwa, amsar farko tana aljihu. An kashe kimanin dala miliyan 35 wajen yin Walk Hard, abin da ya dawo daga gidajen sinima bai wuce wajen miliyan 20 ba, sai daga baya ya sami masoya a faifai da talabijin. Bohemian Rhapsody na 2018 kuwa, tarihin Freddie Mercury da ƙungiyar Queen, wanda ya bi tsohuwar hanyar ba tare da jin kunya ba, ya tara sama da dala miliyan 900 da lambobin Oscar huɗu. Babu kamfanin da zai dubi waɗannan alƙaluma biyu ya ce darasin yana wurin Dewey Cox.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Ba a yin fim ɗin mawaƙi ba tare da waƙoƙinsa ba, waƙoƙin kuma suna hannun mawaƙin ko magadansa ko kamfaninsa, don haka wanda ake ba da labarinsa yakan zama mai hannu a yadda za a ba da shi. Brian May da Roger Taylor, 'yan ƙungiyar Queen, suna cikin masu kula da Bohemian Rhapsody, Elton John yana cikin masu shirya Rocketman na 2019, iyalan Bob Marley kuma su ne kan gaba a Bob Marley: One Love na 2024. Zubin faɗuwa da farfaɗowa ya dace da irin wannan yanayi, domin yana ba da damar a nuna aibi gwargwadon da zai sa a gaskata labarin, sa'an nan a wanke shi kafin a rufe. Don a kai ga irin wannan ƙarshe ne Bohemian Rhapsody ya nuna kamar Queen ta watse kafin Live Aid, babban taron waƙa na agaji na 1985, ya kuma sa Mercury ya san yana da cutar ƙanjamau kafin taron, alhali ƙungiyar ba ta watse ba, kuma bisa abin da makusantansa suka faɗa a 1987 aka tabbatar masa da cutar. Duk da haka an ɗan sami sauyi. Wasu daraktoci sun daina bin mutum daga haihuwa zuwa kabari, suna zaɓar 'yan shekaru kaɗan. James Mangold, wanda ya yi Walk the Line, da ya zo yin A Complete Unknown a kan Bob Dylan a 2024, sai ya tsaya tsakanin 1961 da 1965 kawai.

Tambaya: Wanne zan fara kallo, kuma zan iya kallo tare da yarana? (Daga wata uwa a Gombe)

Amsa: Hajiya, ki fara da Walk the Line ko Ray kafin Walk Hard, in ba haka ba rabin shaguɓen zai wuce ki ba ki ankara ba. Amma Walk Hard ba na yara ba ne ko kaɗan, domin akwai tsiraici da shan ƙwaya da maganganun batsa a ciki, kuma a Amurka ma cikin rukunin fina-finan manya aka sa shi. This Is Spinal Tap shi ma yana da kalamai marasa kyau. Weird ya fi su sauƙi ta wannan fuska, sai dai akwai harbe-harbe da shaye-shaye, saboda haka ki kalle shi ke kaɗai tukuna kafin ki yanke shawara a kan matasan gidan.