Kalmar "free" a Jikin Kaya: Kyauta Ake Nufi ko Babu?

Tambaya: Likita ya ce mahaifina yana da ciwon suga. Na ga biskit a kanti an rubuta "sugar free" a jiki, sai ɗana ya ce wai sukari aka ƙara kyauta. Gaskiya ne? In saya wa Baba? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, yaron naki bai yi nisa da gaskiya ba, wurin zaman kalmar ne ya ruɗe shi. Idan "free" ta zo kafin suna, kamar "free delivery", kyauta ake nufi, wato za a kawo miki kaya ba kuɗin dako. Idan ta biyo bayan suna kuwa, ma'anarta babu. Ke nan biskit ɗin cewa yake ba shi da sukari. A dokar Tarayyar Turai ba a yarda a rubuta haka ba sai sukarin bai wuce rabin giram a cikin giram 100 ba.

Amma kada ki yi saurin cika wa Baba leda. Biskit fulawa ne, ita kuwa fulawa da ta shiga ciki sukari take komawa. Ki juya bayan kwalin ki duba layin "carbohydrate", wato sitaci da sukarin da ke ciki, nan zancen yake. Sannan abin da ake zuba wa irin wannan biskit don ya yi zaƙi, kamar sorbitol da maltitol, yana kumbura ciki, har ya sa gudawa in an ci da yawa. Akwai kuma "no added sugar" da ake rubutawa a lemon kwali. Wannan cewa kawai yake ba su ƙara ba, sukarin 'ya'yan itacen yana nan daram. Da ni ce, da gyaɗa soyayyiya zan saya masa da kuɗin, biskit kuma in kai kwalin wa likitansa ya gani tukuna.

Tun da zancen ya zo, wanda ya fi ba ni haushi shi ne man girki mai "cholesterol free" da manyan baƙaƙe. Kolestarol, wani abu mai kama da kitse da ke cikin jini, daga dabba yake fitowa: nama, ƙwai, man shanu. Man gyaɗar da ƙuli-ƙuli ya bari a unguwarku ma ba shi da shi, sai dai mai ƙulin ba ta da injin buga takarda. Kada ki ƙara ko sisi saboda wannan rubutu.

Tambaya: Wata manhajar koyon Turanci ta ce "free trial" na kwana 7, amma tana neman lambar katina na banki. Kyautar me ke neman kati? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Ƙanena, ɗanɗano ne irin na mai tsire, sai dai wannan mai tsiren ya riƙe aljihunka. Kwanakin suna cika za a fara cirar kuɗi da kansa, wani lokacin ma na shekara guda a dunƙule. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar. Sai ka shiga Google Play ko App Store, wurin rajistar biyan kuɗi, ka soke da hannunka. In za ka gwada, ka duba farashin da zai biyo baya, ka kuma soke kafin ranar ƙarshe.

Tambaya: Zan tafi Umara, an ce in bari sai a "duty free" na filin jirgi in sayi turare da agogo don ya fi araha. Haka ne? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Nan ma babu ake nufi, wato babu harajin kwastan a kan kayan. An fara irin wannan shago a filin jirgin Shannon na ƙasar Ireland a 1947. Sai dai cire haraji bai hana mai shago ɗora ribarsa da kuɗin haya ba, hayar filin jirgi kuwa ba wasa ba ce, kuma ba a ciniki. Turaren kamfanonin Faransa kan yi ɗan sauƙi a can, kuma ka fi samun natsuwa cewa ba jabu ba ne. Amma oud da miski da dabino da carbi, ka saye su a kasuwannin Makka da Madina ko Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta Jidda, inda za ka taya a rage maka. Agogo kuwa, ka rubuta farashinsa na gari a waya kafin ka isa filin jirgi, sai ka gwada da na can.