Amsa ga ɗan'uwan da ya ce baikonsu a gini yake ƙarewa

Salama gare ka ɗan'uwa. Ka ce kai ne magatakardan ikilisiyarku a Yauri, duk abin da kuka tara a rufi, kujeru, janareta da kayan kiɗa yake ƙarewa, maƙwabta kuwa ba su san ku da komai ba sai ƙarar lasifika ran Lahadi. Kana tambaya ta ina za a fara juya fuska waje. Na daɗe ina riƙe da ma'ajin wata ikilisiya a ƙasar Zuru, saboda haka ta wajen kuɗi zan shigo maka.

Ɗauko littafin kuɗin bara, ka raba takarda gida biyu. Gefe ɗaya ka rubuta abin da aka kashe cikin katanga, ɗaya gefen abin da ya isa hannun wanda ba ya zuwa sujada tare da ku. Ka karanta wa dattawa ba tare da ka ƙara ko kalma ɗaya ba. Ranar da aka yi haka a wurinmu, gefe na biyu ba komai sai kuɗin ta'aziyya da ɗan abin da aka kai gidan yari lokacin Kirsimeti.

Amma kada ka ga laifin dattawan nan da sauri. A Kebbi da Zamfara samun filin majami'a a wasu garuruwa ba wasa ba ne, wanda ya sha wuya kafin ya samu dole ya rungume shi. Ga kuma 'yan bindiga. Ku da kuke kusa da Birnin Yauri ba sai an tuna muku ɗaliban da aka kwashe a 2021 ba. Tsoro ne ya ɗaga katangunmu, tsoron kuwa yana da dalili. Abin da ke damuna shi ne mun bar katangar ta zama iyakar tunaninmu.

Ba haka aka fara ba. 'Yan mishan na UMS (United Missionary Society), waɗanda aikinsu ya haifi ikilisiyar UMCA, makaranta da ɗakin shan magani suka kawo tare da wa'azi, iyayenmu har Tungan Magajiya suke zuwa asibiti. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta yi jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato. An kafa EMS, ƙungiyar aika masu bishara, a 1948, tun kafin ECWA, ikilisiyar da aikin SIM ya haifa, ta tsaya da ƙafafunta a 1954, baikon talakawa manoma ne yake aika masu bishara. Bayan gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa a shekarun 1970, sai muka zauna da ginin sujada kaɗai, a hankali muka ɗauka shi ne aikin.

Ga abin da ya yi mana amfani. Mun yanke cewa kashi ɗaya cikin goma na baikon kowace Lahadi za a ware shi tun a kan teburin ƙirga, kafin a taɓa sauran. Littafinsa dabam, kuma Zumuntar Mata ce ke riƙe da shi. Idan ka ce sai abin da ya rage bayan gini, ba za a taɓa samun ragi ba, domin gini ba ya ƙarewa: a gama rufi a ce silin, a gama silin a ce tayil. Mata kuwa su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba, da gidan da yaro ke kwance ba kuɗin magani.

Kafin mu kashe ko kwabo, fasto da dattawa suka je gaisuwa wurin mai unguwa suka tambaye shi abin da ya fi damun jama'a. Ya ce ruwa. Muna da rijiyar burtsatse a harabar majami'a, sai aka ja bututu aka kafa famfo a bayan katanga, inda matar Musulmi za ta ɗiba ba tare da ta shigo ba, ba kuma wanda zai ce an gan ta a coci. Kuɗin bututun bai kai na gangunan 'yan mawaƙa ba.

Sai hatsin godiyar kaka. Da gwanjonsa ake yi a zuba kuɗin a gini. Yanzu dawa da masarar a rumbu ake ajiye su har watan Yuli da Agusta, lokacin da na bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Da mutanen ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba suka fara gudowa, wannan rumbun da azuzuwan makarantar Lahadi ne suka rufa mana asiri. Cikinsu akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai masu addinin gargajiya, kamar yadda gidajenmu na Zuru suke, wa da ƙane kowa da nasa addinin.

A nan nake so ka tsaya sosai. Kada a rataya wa taimakon nan sharaɗi. Kada a ce sai mutum ya zauna ya ji wa'azi kafin a auna masa mudu, kada kuma a ɗauki hotonsa a sa a Facebook. Mai yunwa yana da mutuncinsa, maƙwabta kuma suna kallo. Da zarar sun ga ƙugiya cikin tuwon, an rufe ƙofar ke nan, har abin yana iya jawo fitina. Ba cewa nake a ɓoye bishara ba. Mun ga mutane sun zo da kansu suna tambayar me ya sa muke haka, amsar da aka ba su a lokacin ta fi shiga.

Lokaci ma haka yake. Dubi jadawalinku: koyon waƙa, nazarin Littafi, addu'ar tsakiyar mako, taron kwamiti, kowane yamma a cike. Mun soke taron Asabar a damina, matasa suka koma gayya a gonakin gwauraye da tsofaffi. Yaron da ya tashi yana ganin golmo, noman da samarin Zuru ke taruwa su yi wa surukai domin aure, ba sai an koya masa noman taro ba.

Za ka sha suka. Akwai wanda zai kafa maka hujja da annabi Haggai, ya ce gidan Allah ne farko, akwai ma waɗanda suka janye alkawarin siminti a wurinmu, silin ɗinmu ya daɗe bai kammala ba. Mun amsa da Irmiya 29:7, inda aka ce wa waɗanda aka kai bauta su nemi lafiyar birnin da suke zaune, da Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka zaɓi mutum bakwai saboda abincin gwauraye.

Kai matashi ne, saboda haka kada ka fara jefa maganar a tsakiyar taro. Bi dattawa gida ɗaya bayan ɗaya, ka fara da fasto da shugabar mata. In ka samu dattijo guda ya yarda, bar shi ya gabatar da ita da bakinsa, kai ka riƙe takardar lissafin.