Amsar Kawu Kan Cin Kwano Ɗaya

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai an kai ku haƙar burtsatse a dokar daji, ku 'yan kaɗan a tanti ɗaya, abokan aiki sun ce a haɗa tukunya, kai kuma ka fi son dafa taliyarka kai kaɗai, shin dole ne? Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai.

Bayan farin 1973, da ruwan Tafkin Cadi ya ja baya, na bi masunta. Daga Doron Baga muka shiga jirgi zuwa wani tsibiri, ba kowa sai mu da sauro. Da Kabawa, da Barebari, da wani Buduma da ya san hanyoyin ruwa. Farkon zuwa kowa kara yake yi, a ce bismillah, ka ce ka ƙoshi alhali cikinka na kuka. Da aka kwana biyu, sai rigima kan abin da bai kai ya kawo ba: wa ya taɓa gishiri, wa ya bar wutar banda ta mutu. Kakanka yakan ce zo mu zauna, zo mu saɓa ne, wanda ba ku taɓa saɓawa ba ai ba ka san shi ba tukuna.

Wata magariba muna zagaye da akushi, wani Bakabe, mai ci ne na gaske, ya yi loma biyu ya zare hannu. Dattijon zangonmu bai ce uffan ba, ya kamo hannun, ya ji zafi rau. Ya ce ya miƙo ƙafa. Ashe ƙugiya ce ta soke shi, ya ɗaure da tsumma ya ɓoye, ƙafar ta kumbura har idon sawu. A daren aka sa shi a kwalekwale, kuma waɗanda suka tuƙa shi cikin ciyayi har Baga su ne mutum biyu da suka yi kwanaki ba sa ga maciji saboda rigima kan komar kamun kifi. Sun dawo suna tsokanar juna. Da a bukkarsa yake ci shi kaɗai, wa zai ga lomar nan?

Ku yanzu kowa ya kifa kai a waya, yana hira da na Legas, na gefensa yana nishi bai ji ba. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ka rubuto ka gaya mini wane ne babba a cikinku, kuma ko kana gaishe shi da safe. Mahaifiyarka ta ce za ta aiko maka da yaji da kuka, kuma da yawa ta daka.